Iyalan Lewis, Banjo da Gurminmu

Jama'a, duk wanda ya saurari faifan wasan iyalan Lewis na garin Lincolnton a jihar Jojiya ta Amurka, zai ji banjo ne ke jan waƙoƙin cocinsu a salon bulugiras. Uba ne da 'ya'yansa, sun yi shirin talabijin a Augusta daga 1954 zuwa 1992, suka ajiye kiɗa a 2009. Banjon nan kuwa bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata, ɗan'uwan gurminmu ne. Su an naɗi wasanninsu, jikoki na ji har yau. Abin da ke damuna, makaɗan gurmi nawa suka rasu a garuruwanmu ba wanda ya naɗi ko waƙa ɗaya? Ga waya a hannunmu, mu fara da waɗanda suka rage.