Keso Dubu Uku: Cinikin Da Bai Samu Dillali Ba

Kwanakin baya aka gayyace ni shaidar wani sulhu a Sakkwato, tsakanin wasu 'yan kasuwar fata guda biyu da suka daɗe suna hulɗa. Ɗaya ya ce kuɗin da ya bayar jari ne, saboda haka yana da kaso a riba. Ɗayan kuwa ya rantse bashi ne, kuma ya riga ya biya. Da dattawa suka bi diddigi sai aka tarar babu maƙaryaci a cikinsu. Tun ranar farko kowa da abin da ya fahimta. Ina zaune a wurin sai wani tsohon ciniki ya faɗo mini a rai, wanda ya shafi ƙasar nan baki ɗaya.

A shekarar 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya iso Wurno, inda Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba yake zaune. Wakilin kamfanin National African Company ne, wanda a 1886 ya koma Royal Niger Company a ƙarƙashin George Goldie. Aka ƙulla yarjejeniya cewa kowace shekara kamfani zai kawo kaya na kimanin keso dubu uku na wuri, keso ɗaya kuwa wuri dubu ashirin ne. Gwandu ma aka yi mata alkawarin keso dubu biyu.

To, a nan gizo yake saƙar. A wajen fada, baƙin fatake ne suka nemi izinin ciniki, suka kawo gaisuwa kamar yadda aka saba. A takardar da aka kai Ingila kuwa, cewa aka yi Sarki ya mallaka wa kamfani iko a gaɓar Binuwai, kuma babu wani Bature da zai yi ciniki sai ta hannunsa. Da wasu Jamusawa, Staudinger da Hartert, suka zo ba da jimawa ba, sai aka shaida musu cewa ba a sayar wa kowa ƙasa ba, kasuwa kuma ta kowa ce.

An sabunta yarjejeniyar a 1890 da 1894, amma ba a warware wannan ƙulli ba. A 1897 sojojin kamfani suka auka wa Bida da Ilori, amana ta karye. A 1900 gwamnatin Ingila ta gaji kamfanin tare da takardunsa, Lugga ya kafa hujja da su. Ƙarshenta dai, ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza a filin Giginya.

Ban ce rashin fahimta kaɗai ya kawo Turawa ba, domin mai kwaɗayin ƙasa ba ya rasa hujja. Amma a duba yadda kasuwanninmu suke a da. Clapperton, wanda ya bi ta Kano a 1824 kan hanyarsa ta zuwa wajen Sarkin Musulmi Bello, ya ba da labarin cewa ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin tufa. Ko a Barno aka kwance aka ga aibi, sai a maido, dillali ya sa a biya. Wato tun kafin rigima ta taso an san wanda za a je wa. Cinikin Wurno bai samu irin wannan mutum ba, wanda duka ɓangarorin biyu suke jin maganarsa.

Su waɗancan 'yan kasuwa dai an sasanta su. Dattawa suka raba abin da ake jayayya a kai gida biyu, aka rubuta sabon sharaɗi, sannan aka sa kowa ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta a gaban shaidu. Wannan maimaitawar ita ta fi burge ni. Tun ran gini tun ran zane.

Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.