Jimiri

jimiri (suna, namiji, ba shi da jam'i). Aikatau: jimre, misali, ta jimre wa ciwo.

1. Ƙarfin zuciya na ɗaukar wahala mai daɗewa ba tare da karaya ba. *Manomi ya yi jimirin zafin rana har ya gama huɗa.*

2. A bakin Kiristoci: riƙe bangaskiya ga Allah cikin ciwo, rashi ko tsanani, ko da addu'a ta daɗe ba amsa. *Ta binne ɗanta ranar Juma'a, ranar Lahadi kuma ga ta a majami'a, tana waƙa da hawaye. Wannan shi ne jimiri.*

Babban misalinsa a Littafi Mai Tsarki shi ne Ayuba. Ya rasa 'ya'ya 10, tumaki 7,000 da raƙuma 3,000, miyaku suka rufe jikinsa, har ya zauna cikin toka yana sosawa da tsingaro. Abokansa Elifaz, Bildad da Zofar suka dage cewa zunubinsa ne ya jawo masa, shi kuwa ya ƙi yarda. Ya yi kuka, ya tambayi Allah dalili. A sura ta 38 ta littafin Ayuba, Allah ya yi masa magana daga cikin guguwa, amma bai bayyana masa dalilin ba. Duk da haka Ayuba bai juya wa Allah baya ba.

Makusanta: haƙuri, juriya, dauriya. Kishiya: karaya, fid da rai.

Mai jimiri yana da damar yin kuka da tambaya; barin Ubangiji ne kaɗai ba ya yi.