Bahago da Gadonsa: Daga Broca Zuwa Ƙwayoyin Halitta

Duk shekara idan 13 ga Agusta ta zagayo, ranar bahagwai ta duniya, sai an tono tsohuwar maganar nan cewa bahago ba ya tsawon rai. To, daga ina ta samo asali?

Zanen hannaye a bangon kogunan Faransa da Sifaniya ya nuna tun zamanin da masu dama ne suka fi yawa, kuma yau ma kusan mutum 1 cikin 10 ne bahago. A shekarun 1860 likitan Faransa Paul Broca ya gano cewa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da magana, daga nan aka fara danganta hannu da kai. Sai zarge-zarge suka biyo baya. Wasu suka ce wahalar haihuwa ce ke sa mutum ya zama bahago. A shekarun 1980 Norman Geschwind ya ɗora abin kan sinadarin maza da ɗan tayi ke samu a ciki.

Mafi ɓarna ita ce ta 1991, da Diane Halpern da Stanley Coren suka duba mace-mace a Kalifoniya, suka ce masu dama sun fi bahagwai tsawon rai da kimanin shekara 9. Matsalar ita ce tsofaffin da ke cikin mamatan sun taso lokacin da ake tilasta wa yara barin hagu, shi ya sa bahagwai suka yi ƙaranci cikin dattawa. Mu da muka ga ana buge hannun yaro a bakin akushi ba ma buƙatar dogon bayani.

A ɓangaren gado kuwa, Marian Annett a 1972 ta kawo ra'ayin ƙwayar gado guda ɗaya. Ni ban gamsu ba, don ana samun tagwaye masu kama ɗaya, Hassan na dama, Husaini bahago. Binciken tagwaye na 2009 ya ba gado kusan kashi 25 cikin 100 kawai. A 2019 masanan Okusfod, da bayanan mutum kusan 400,000, suka gano wurare 4 a ƙwayoyin halitta masu alaƙa da zama bahago. A 2020 adadin ya kai 41. Gado ne tarkace-tarkace, saura kuwa yadda halitta ta kaya a cikin mahaifa.

Batun lafiya fa? An ga ɗan ƙarin haɗarin taɓin hankalin sikizofiriniya, da ɗan raguwar ciwon karkarwa na Parkinson, amma bambancin bai kai a kai yaro asibiti ba. Iyaye da malamai, ku koya masa cin abinci da dama, amma ku bar masa alƙalaminsa a hagu.