Alhazan Ƙafa na Ƙasar Kankiya da Kusada da Jiragen Iska na Bahar Maliya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kankiya ko Kusada, babban ruwan da ya sani bai wuce rafin da ke cika da damina ya ƙafe da rani ba. Amma a cikin kakanninmu akwai waɗanda suka kwana bisa teku cikin jirgin katako marar inji, ba abin da ke tura shi sai ƙyalle da iska da ikon Allah. Mu da muka yi ƙuruciya a shekarun 1960 mun tarar da ragowarsu, tsofaffi a zaure da carbi a hannu, ana ce musu alhazan ƙafa. Labarinsu muke son waiwaya a mujallar bana, kuma akwai dalili, za mu zo gare shi.

Mai niyya yakan sallami iyali kamar wanda ba zai dawo ba, ya biya bashi, ya nemi gafara gida-gida. Daga nan sai Kano, sai Yerwa, sai Fort Lamy wadda aka sake wa suna Injamena a 1973, a ratsa Wadai ta Abashe, a shiga Darfur ta Janaina da Fashar, har Al-Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Guzuri ba ya kai mutum rabin hanya, don haka ana tafiya ana tsayawa neman kuɗi: wanzanci, ɗinki, ga-ruwa, koyar da allo. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka zama babban zangon mutanenmu. Kusa da nan ne kuma garin Mai Wurno yake, wanda Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa a bakin Kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Bahaushe in ya isa can sai ya ji kamar ya shigo gida, kuma da yawa wannan jin daɗin ne ya tsayar da su har abada.

Wanda ya ƙi tsayawa sai ya gangara Sawakin, tsohon birnin da aka gina da duwatsun murjani a bakin Bahar Maliya. Tun da Turawa suka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 ciniki ya koma can, Sawakin ta rage wurin tsare alhazai a yi musu lamba da takardu kafin su ƙetare zuwa Jidda, tazarar kusan kilomita 300. Mai kuɗi ya shiga jirgin hayaƙi. Talaka kuwa, wanda kuɗin takarda da na tsaro suka fi ƙarfinsa, sai ya bi dare zuwa wani lungu na gaɓar teku inda jirgin sambuk ke jira.

A nan ne tsofaffin kan daɗe in suna ba da labari, mu ma za mu ɗan daɗe. Sambuk jirgi ne na katako mai doguwar sanda a tsakiya, a kanta ake ɗaura ƙyalle mai kusurwa uku. Ba rumfa, ba makewayi sai wani katako da aka rataya a gefe. Gaɓar tekun cike take da murjani a ƙarƙashin ruwa, mai fasa jirgi, saboda haka matuƙa kan bi gefen ƙasa da rana suna leƙen launin ruwa, da magariba su ɗaure a wata mafaka, sai sun ga iska ta daidaita sannan su yanka tsakiya. Wani tsoho ya gaya mana iska ta taɓa ɗauke musu kwana biyu cur, ƙyalle ya saki kamar rigar da aka shanya, ana raba ruwan sha da ɗan ƙoƙo, ga ruwa ko'ina amma ba mai shayuwa. Ya ce a ranar ne ya san darajar rijiyar ƙofar gidansu. Sau da yawa ba a Jidda ake sauke su ba, sai can kudu wajen Lis ko Ƙunfuda, don guje wa jami'ai, su ƙarasa da ƙafa cikin rairayi. Ba za mu ɓoye ba, akwai waɗanda aka yaudara aka sayar da 'ya'yansu a Hijaz, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta.

Don a gane bambanci, a tuna Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi nasa hajin a 1921 ta jirgin hayaƙi daga Ikko, ya biya ta Ingila ya gana da Sarki George na biyar, ya dawo cikin 'yan watanni. Talakansa kuwa kan yi shekara biyar, bakwai, ko goma. In ya dawo yakan tarar an raba gado, ko matarsa ta yi wani aure, ko ɗan da ya bari a goye ya zama saurayi. Daga 1948, lokacin da Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a Kano, mota sannan jirgin sama suka soma rufe wannan babi.

To ga dalilin namu. Waɗanda ba su dawo ba sun hayayyafa a Sudan, ana kiransu Fallata ko Takari. Yaƙin da ya ɓarke can ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda ya kai Madani a Disambar shekarar, ya tarwatsa zangunansu. Bayan haka ne wani saurayi ya sauka a mararrabar Yashe, Hausarsa gauraye da Larabci, aka kawo mana shi don ana ganin tsohon hedimasta ba ya rasa sanin gidaje.

"Baba," in ji shi, "kakan mahaifina ya ce shi mutumin Kusada ne, kuma akwai tsamiya da rijiya a ƙofar gidansu."

Muka ce, "Ɗana, wace unguwa? Wa ya haife shi?"

Bai sani ba. Kwana uku muna yawo da shi, daga cikin gari zuwa Mawashi da Kofa, muna tambayar dattawa. Mutum biyu da kowa ya ce da suna raye da sun warware mana, duk sun rasu cikin shekaru goman nan, kuma babu wanda ya rubuta abin da ke bakinsu. Mun sha rubuta tarihin sarauta a waɗannan shafuka, amma ko sau ɗaya ba mu tattara sunayen waɗanda suka yi gabas ba. Muna roƙon kwamitin ilimi na ƙungiya ya buɗe littafi a hannun kowane mai unguwa kafin taron baɗi, a rubuta wanda ya tafi, da gidansu, da inda aka ji labarinsa na ƙarshe.

Saurayin dai yana Kano yana ɗinki. Ya bar mana lambar wayarsa, ya ce ko da tsakar dare ne a kira shi.