Rage Gubar Magungunan Sankara Masu Asalin Tsirrai: Nazarin Gwaje-gwajen Irinotekan da Faklitakzel a Kan Dabbobi

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi gwaje-gwajen da aka wallafa kan rage illar magungunan sankara biyu da aka samo daga itatuwa. Ta nuna cewa gubar ba koyaushe take cikin ƙwayar maganin kanta ba. Wani lokaci tana cikin ruwan da aka narkar da shi, wani lokaci kuma bakteriyar hanji ce ke farfaɗo da ita. Ta kuma yi jan hankali kan yadda ya kamata a karanta sakamakon da aka samu a ɓeraye.

Gabatarwa

A 1966 Monroe Wall da Mansukh Wani na Amurka suka bayyana sinadarin kamptotesin, wanda suka tace daga bishiyar Camptotheca acuminata ta ƙasar Sin. Ya yi aiki sosai a kan sankarar jini a jikin ɓeraye. Da yake ba ya narkewa a ruwa, sai aka mayar da shi gishirin sodiyam domin a iya yi wa mutane allurarsa. Wannan sauyi ya buɗe zoben laktan da ƙarfin maganin ya dogara a kansa. Idan ya isa mafitsara kuwa, tsamin fitsari yakan sake rufe zoben, sai majinyata suka riƙa fitsarin jini. Aka ajiye shi a farkon shekarun 1970.

Irinotekan da Matsalar Gudawa

Irinotekan, wanda aka ƙera daga kamptotesin, ya samu amincewa a Japan a 1994, a Amurka kuma a 1996. Jiki yana mayar da shi SN-38, shi ne mai kashe ƙwayoyin sankara. Hanta takan liƙa wa SN-38 wani nau'in sukari ta kashe masa kaifi, ta zubar da shi cikin hanji ta ruwan matsarmama. A nan ne matsalar take tasowa. Bakteriyar hanji tana da enzayim mai suna beta-gulukuronides da ke cire sukarin nan domin ta ci, sai gubar ta dawo sabuwa ta illata bangon hanji. Sakamakon shi ne gudawa mai tsanani da ke tilasta wa likita rage maganin ko dakatar da shi, a daidai lokacin da majinyaci ya fi buƙatarsa.

Takasuna da abokan aikinsa sun nuna a 1996 cewa ba wa manyan ɓerayen gwaji fenisilin da sitireftomaisin yana sassauta wannan illa. Sai dai share bakteriyar hanji gaba ɗaya ga wanda garkuwar jikinsa ta riga ta raunana ba ƙaramin haɗari ba ne. Aikin Wallace da tawagar Matthew Redinbo ta Jami'ar North Carolina, wanda mujallar Science ta buga a 2010, ya bi hanya mafi tsafta. Sun samo sinadaran da ke toshe enzayim ɗin bakteriya kawai, ba su kashe ta ba, ba su kuma taɓa irinsa na jikin dabbar ba. Ɓerayen da aka ba su ta baki sun samu kariya daga gudawar da lalacewar hanji. A ganin mai wannan nazari, wannan ne gwaji mafi daraja a fannin, domin ya bar maganin yadda yake, ya nufi ainihin inda ɓarnar ke aukuwa.

Faklitakzel

Shi kuwa faklitakzel, na ɓawon itacen Taxus brevifolia, ana narkar da shi cikin Cremophor EL, wanda ake sarrafawa daga man zurma, kuma wannan ruwa yana haddasa borin jini mai tsanani. Da aka ɗaure maganin da furotin albumin a maimakonsa, Desai da abokansa sun ruwaito a 2006 cewa iyakar abin da ɓeraye ke iya jurewa ta tashi daga miligiram 13.4 zuwa 30 a kowane kilogiram a rana. Wannan haɗin da albumin ne ake sayarwa da sunan Abraxane tun 2005.

Iyakar Hujjar Dabbobi

Jinin ɓera yana ɗauke da enzayim ɗin da ke mayar da irinotekan SN-38 fiye da na mutum nesa ba kusa ba. Haka kuma Mi da Burke sun nuna a 1994 cewa albumin na ɗan Adam yana riƙe kamptotesin mai buɗaɗɗen zobe gam, abin da ke rage kason maganin mai aiki a jininmu idan aka kwatanta da na ɓera. Kare kuma ya fi ɓera saurin kamuwa da illar Cremophor. Saboda haka duk gwajin da ya ce ya rage guba, wajibi ne ya auna girman ƙarin sankarar a dabbobin nan da aka kare, ya kuma maimaita aikin a jinsi na biyu wanda ba ɓera ba, kafin a kai maganar ga majinyata.