Dangin Lemo Na Daji: Waye Ɗa, Waye Agola?

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya gefe, sai dai ban yi nisa ba, don abin da na kawo rigimar dangi ce, irin wadda mu marubuta muka saba ci da ita. Bambancin kawai, wannan a gidan lemo take.

A shekarar 1753 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya rubuta sunayen itatuwa, ya kira gidan lemo Citrus, ya lissafa jinsi biyu kacal a cikinsa. Da Turawa suka ci gaba da yawo sai 'yan'uwa suka riƙa ɓullowa daga dazuka. A Sin akwai mai ƙaya mai ganye uku-uku wanda ke zubar da ganyensa da sanyi, a Ostareliya akwai mai 'ya'ya dogaye kamar yatsa, da wani mai rayuwa a busasshiyar ƙasa.

Mu ma nan Afirka ta Yamma muna da namu, kuma labarinsa ya fi ba ni tausayi. Wani ɗan Denmak, Peter Thonning, ya tattara tsirrai a gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Gana daga 1799 zuwa 1803. A 1807 Ingila ta yi wa birnin Kofanhegan ruwan wuta, yawancin kayansa suka ƙone. Bayanan da suka tsira aka buga a 1827, ciki har da wata bishiya mai ƙaya da aka raɗa wa Citrus paniculata, wato an karɓe ta a matsayin 'yar gida. Ɗanta yana da ɓawo mai tauri kamar ƙoƙo, har maharba kan fafe shi su zuba albarushi. Amma a 1915 wani Bajamushe, Engler, ya ware mata gida daban mai suna Afraegle, kuma can take har yau, dangi ce amma ta nesa.

Babbar rigimar kuwa tsakanin mutum biyu aka yi ta. Walter Swingle na ma'aikatar gona ta Amurka ya fitar da 'yan Ostareliya da wasu 'yan Sin daga gidan, sannan a 1943 ya ce 'ya'yan gida na ainihi 16 ne. Tanaka na Japan ya ce sam, duk lemon da ya bambanta da ɗan'uwansa a ba shi suna, har lissafinsa ya kai 162 a 1977. Ni dai da farko Tanaka na goya wa baya, don mai sayar da lemo ma ya san tanjarin ɗaya ba kamar ɗaya ba ne.

Ashe dukkansu da sauransu. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a mujallar Nature a 2018 ya nuna tushen gidan yana gindin duwatsun Himalaya, tsakanin Assam ta Indiya da arewacin Bama da Yunnan ta Sin, kimanin shekara miliyan 8 da suka wuce. Lemon zaƙin da muke sha kuma ba jinsi ne mai zaman kansa ba, ruwa biyu ne, tsakanin kakan tanjarin da wani ƙaton lemo mai kaurin ɓawo da ake kira pomelo. Garehul ma haka, a tsibirin Barbados ya samu a ƙarni na 18. Su kuwa 'yan Ostareliya da Swingle ya kora, tun 1998 David Mabberley ya mayar da su cikin Citrus.

Kada ku ce gardamar malamai ce kawai. Wanda ya san mangwaro ɗan aure ya san ba kowane gindi ke karɓar kowane reshe ba, sai da kusancin jini. Lokacin da cutar tristeza ta kashe miliyoyin bishiyoyi a Ajantina da Barazil a shekarun 1930 da 1940, mai ganye ukun nan na Sin yana cikin waɗanda aka koma wa, ana aura masa lemon zaƙi. Da wata cutar ta shiga gonakin Florida a 2005 kuma, masu bincike suka juya ga 'yan Ostareliya, domin an ga wasunsu suna jure mata.