Tallafin takin zamani a Nijar: yadda yake aiki da kuma wanda yake kaiwa gare shi

Ƴan uwa da ke ci-rani a Kano, Agadas, Libiya ko Abijan, idan kun ji an ce gomnati ta ba manoma tallafin taki, ba kuɗi ne ake danƙa wa mutum a hannu ba. Rangwame ne: gomnati ta biya wani kaso na kuɗin buhu, manomi ya cika sauran.

Shekaru da dama, hukumar CAIMA ce ke sayo takin daga waje, ta raba shi jaha-jaha. An daɗe ana saida buhu mai kilo 50 a kan jika 13 da rabi, ko ure ne ko NPK 15-15-15. Farashin ya yi daɗi, sai dai takin bai isar kowa. Sau da yawa kuma yakan iso a makare, bayan hatsi ya wuce lokacin da yake buƙatarsa. Wani buhun ma bai taɓa ganin gona ba, a kasuwa yake ƙarewa, ko ya tsallaka iyaka. Masu noman rani da ke cikin ƙungiya, kamar na Jiratawa da Ƙonni, ko masu albasa a Galmi, sun fi saurin samu, domin suna da rajista, suna kuma da kuɗi a hannu. Mai gonar tudu a ƙauye shi ne na baya a layi.

Wannan ne ya sa a 2018 gomnati ta amince da sabon tsari, da goyon bayan hukumar MCC ta Amurka. Ƴan kasuwa su shigo da taki, a ƙidaya ƙananan manoma a komin-komin, a ba wanda aka zaɓa takardar bon ya kai wa dillali ya karɓi buhunsa da rangwame. A ganina tunanin ya yi, amma komai ya rataya ne a kan jerin sunaye. A wancan tsarin, wanda sunansa bai shiga ba, ko gonarsa ta kai ina, bai samu rabo ba. Don haka a riƙa leƙa ma'aikatar magajin gari da wajen malamin gona tun da rani, da katin ɗan ƙasa a aljihu.

Kada kuma a haɗa wannan da cimakar da OPVN ke saidawa da rahusa lokacin da rumbu ya ƙare. Wancan na tukunya ne, wannan na gona.

To idan buhu ɗaya kawai aka samu fa? Masu bincike na ICRISAT da ke Sadore sun nuna dabarar sa taki kaɗan-kaɗan a gurbin shuka: giram 6 na NPK, wato kamar cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, ɗan tsunkule da yatsa uku. A eka mai gurbi 10.000, kilo 60 ke nan na NPK, ko kilo 20 na DAP. Aiki ne mai cin baya, gaskiya, amma ya fi watsa taki iska ta kwashe. In an haɗa da takin gida, ya fi kyau.

Ku kuma da ke aiko kuɗi gida, tallafin bai aiki sai manomi ya biya nasa kason. Kuɗin taki a watan Afrilu ko Mayu ya kamata su iso, kafin ruwan shuka ya sauka.